Wan budurwata yana gyara mini Turanci a gaban mutane

Assalamu alaikum Malam. Ni haifaffen Makka ne, babana ma nan aka haife shi. Kakanmu ne ya taho daga ƙasar Katsina ta hanyar Sudan. Shekarata 26. Hausa a gida, Larabci a makaranta da titi, Turanci kuwa ɗan abin da aka koya mana a aji ne da wanda na tsinta a bakin alhazai. Ina aiki a wani kamfani mai kama wa masu umra ɗakuna da motoci, kuma kusan duk saƙon da nake aika wa wakilanmu na Najeriya da Pakistan da Malesiya da Ingila da Turanci ne. Damuwata wani abokin aiki ne da ya girme ni, wanda aka tura Kano ya yi digiri ya dawo. Duk abin da na rubuta sai ya karanta da ƙarfi a ofis ya gyara, ko da mudir, wato manajanmu, na zaune. Na rubuta "informations" da "luggages", ya yi dariya. Na rubuta "center", ya ce jahilci ne. Na rubuta "if a guest is late, they should call us", ya ce mutum ɗaya ba ya zama "they". Ya ce "please reply" Turancin yara ne, in riƙa rubuta "kindly revert" da "do the needful". Ranar da na rubuta "barking" maimakon "parking", har yau ana yi mini haushin kare in na shigo. Yanzu na daina rubutu, wani ɗan Pakistan nake roƙo ya rubuta mini. Abin da ya ɗaure mini hannu, mutumin nan wan yarinyar da nake nema ne, har an kai gaisuwa. Turancina ne ya lalace haka? Kuma yaya zan yi da shi?

Mai damuwa, daga Makka

Wa alaikumus salam, ɗana.

Abin da ya fi ba ni tsoro a wasiƙarka ba Turancin ba ne, ba kuma wan yarinyar ba. Daina rubutun da ka yi ne. Mudir zai iya haƙuri da ma'aikacin da ke liƙa "s" inda ba wurinta ba har shekara goma, muddin alhazai na samun ɗakinsu a kan lokaci. Amma ranar da ya gane mutum biyu yake biya, hannu ɗaya ke rubutu, ranar zai fara lissafi. Gobe ka koma rubuta saƙonninka da kanka. Ka yi wa ɗan Pakistan ɗin godiya, ka kuma sani shi ma yana da irin nasa kurakuran, ba a dai karanta su da ƙarfi ne.

Na san inda kunyar nan ta samo asali. Kai ɗan makarantar Larabci ne. Tun kana ƙarami aka nuna maka cewa wanda ya yi rufu'a inda ake fataha ya yi lahani, wato kuskuren nahawu, kuma lahani a gaban jama'a abin sunkuyar da kai ne. Da dalili aka yi haka, domin nahawun Larabci an gina shi ne don tsare karatun Alƙur'ani, inda wasali ɗaya ke iya juya ma'anar aya. Har yau harshen na da majalisu masu tsaronsa: ta Dimashƙa tun 1919, ta Alƙahira tun 1932, ga ta Sarki Salman da aka kafa a Riyad a 2020. Faransanci ma yana da tasa tun 1635. Turanci ba shi da ko ɗaya. Babu wani zaure a Landan ko Washinton da ake zama a yanke cewa wannan ya halatta, wancan ya haramta. Masu ƙamus bin bakin mutane suke yi. Abin da ya yaɗu ya zauna, sai su rubuta shi, su sa masa alamar ƙasar da ake faɗinsa. Kuma mafi yawan masu amfani da harshen a yau ba a nono suka sha shi ba. Wakilinka na Kuwala Lumpur da na Lahor koyonsa suka yi kamar kai. Saboda haka kada ka auna saƙon kama ɗaki da ma'aunin da ake auna limami a mihrabi. Ko a Larabcin ma, Sibawaihi Bafarishe ne, kuma malaman tarihi sun kawo cewa gyaran da malaminsa ya yi masa a zauren karatu a Basra ne ya tura shi neman nahawu.

Yanzu mu zube gyare-gyaren nasa a tabarma mu tsince, domin ba duka ne na yarwa ba.

A kan "informations" da "luggages" yana da gaskiya, ka karɓa ba gardama. Akwai sunayen da Turanci ba ya ƙirgawa, ba sa ɗaukar "s", ba a kuma sa musu "a" a gaba. Waɗanda za ka riƙa haɗuwa da su kullum a aikinka su ne "information", "luggage", "baggage", "advice", "furniture", "equipment". Larabcinka ne ke jan hannunka, don a can jam'i ake cewa, ma'alumat, nasa'ih. Hausa ma tana da bayanai da shawarwari. In kana son ƙirga kaya, ka ce "three bags" ka huta. Duk ƙamus na masu koyo, na Oxford ko na Cambridge, yana sa harafin U ko kalmar "uncountable" a gaban irin waɗannan sunaye, C ko "countable" kuma a gaban masu ƙirguwa, kuma kyauta ake duba su a waya. Ko da bai ambata ba, ina kyautata zaton kana kuma yar da "is" a jimla irin "the room ready", kana rubuta "the bus will wait you" babu "for". Duk wanda ya tashi da Larabci da Hausa yana yin wannan, kuma wata guda na lura ya isa ya rage shi sosai.

Batun haushin kare kuwa, nauyi biyu ne ya haɗu a kanka. Larabci ba shi da "p", sai Balarabe ya mayar da ita "b". Hausa kuma "f" ɗinta tana yawo tsakanin "f" da "p" har da "h", gwargwadon garin mai magana. Kai ka gaji duka biyun. Abin da ya sa wannan ya fi sauran wayo shi ne na'ura ba ta kama shi, saboda "barking" kalma ce sahihiya, haka "pull" da "full", "pack" da "back", "pill" da "bill". Jan layin da waya ke yi a ƙarƙashin kuskure ba zai fito ba. Maganinsa ido ne. Ka rubuta kalmomin aikinka masu "p" a ƙaramar takarda ka manna a gefen kwamfuta: "parking", "passport", "payment", "pickup", "airport", "group". Ba za su wuce ashirin ba. In kana son bakinka ma ya saba, ka riƙe 'yar takarda a gaban leɓenka: in ka faɗi "p" daidai a farkon kalma iska za ta kaɗa ta, in "b" ce ba za ta motsa ba.

Sauran gyare-gyaren nasa uku, babu wanda ya tsaya da ƙafafunsa.

"Center" rubutun Amurka ne, "centre" na Ingila. Noah Webster ne ya zaunar da irin na Amurka da ƙamus ɗinsa na 1828, shi ya sa suke rubuta "color" da "traveler" inda Ingilawa ke ƙara harafi. Makarantun Najeriya na bin na Ingila saboda tarihin mulkin mallaka, shi ya sa idon wan naka ya saba da shi. A nan Saudiyya duka biyun na yawo a allunan shaguna. Abin da ake nema kawai kada ka cakuɗa su a saƙo ɗaya.

"They" ga mutum ɗaya da ba a san ko namiji ne ko mace ba, Turawa na faɗinsa tun ƙarni na 14, kuma manyan ƙamusoshi sun yarda da shi. A aikinka ma ya fi dacewa, tunda baƙon da zai makara zai iya zama alhaji, zai iya zama hajiya. Irin wannan dokar 'yan'uwa gare ta, kuma ina jin za ka ji su nan gaba: kada a fara jimla da "and" ko "but", kada a ƙare ta da "with" ko "for". Yawancinsu wasu marubuta ne na ƙarni na 17 zuwa na 19 suka ƙirƙiro, masu son Turanci ya yi tafiya irin ta Latin, malaman aji kuma suka yi ta gadar da su. Marubutan harshen na ƙwarai ba su taɓa daina karya su ba.

Na ukun ne ya ba ni dariya. "Please reply" shi ne Turancin da kowa a duniya zai gane. "Kindly revert" da ma'anar a ba da amsa, da "do the needful", yaren ofis ne na Indiya da Najeriya da wasu ƙasashe, ya kuma bazu a ofisoshin Jidda da Dubai ta hannun ma'aikatan Indiya. Wakilinka na Karachi ko Kano zai gane nan take. Na Manchester da aka haifa a can zai iya tsayawa yana tunani, domin a wurinsa "revert" komawa ce ga yadda abu yake a da. Wato mutumin da ke yi maka dariya don Turancinka na da ƙanshin Larabci, nasa na da ƙanshin Kano da Mumbai, bai dai ji ba ne. Kuma wannan ba aibi ba ne a kansa. A watan Janairu na 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Najeriya, cikinsu har da "okada", "danfo", "Kannywood" da "next tomorrow". Kai da ka tashi a Makka ka fi kowa sanin wannan: Bahijaze ya ce "esh tibga", Bamisire ya ce "ayiz e", ɗan Sudan ya ce "dayir shinu", duk "me kake so" suke nufi, babu wanda ake ce wa jahili. Mai hankali dai yakan duba wanda ke gabansa kafin ya zaɓi wadda zai faɗa.

To, a nan nake son ka zauna da kyau, domin akwai kurakuran da shi bai taɓa kamawa ba, kuma su ne masu sa tsohuwa ta kwana a kujerar filin jirgi. Duk cikinsu babu wanda nahawu zai ce ba daidai ba ne.

Kwanan wata ne babba. In ka rubuta 03/04, ɗan Ingila da ɗan Najeriya za su karanta 3 ga Afrilu, wanda ya saba da tsarin Amurka ya karanta 4 ga Maris. Ka riƙa rubuta sunan watan da haruffa, ka haɗa da sunan ranar: "Thursday 3 April". In lissafin Hijira aka ba ka, ka juya shi kafin ka aika. Sai dare. Mu a wurinmu daren Juma'a shi ne daren da in gari ya waye Juma'a ce, haka yake a Larabci, domin ranarmu daga magariba take farawa. In ka juya shi kai tsaye ka rubuta "Friday night", mai karatu zai fahimci daren da ke bayan sallar Juma'a, ka ga an sami tazarar kwana guda cur, mota ta zo babu fasinja ko fasinja su fito babu mota. Haka "12 a.m." da "12 p.m.", ko Turawa kansu suna rikicewa a kansu. Jiragen alhazai kuwa da yawa tsakar dare suke sauka Jidda. Ka rungumi agogon awa 24 irin na tikitin jirgi, 00:30 da 12:30, babu mai ruɗewa. Kada ma ka rubuta "weekend": tun 2013 hutun mako a nan Juma'a da Asabar ne, a Najeriya da Ingila Asabar da Lahadi.

Ɗaki ma haka. "Double" gado ɗaya ne babba na miji da mata, "twin" gadaje biyu ne a rabe. Ka kama wa alhazai maza biyu "double", su iso a gajiye da harami a jiki su tarar da gado ɗaya, ka san irin kiran da zai biyo baya. "Half board" karin kumallo da abinci ɗaya ne, yawanci na dare. "Full board" sau uku. A wajen biyan kuɗi, "pay by Thursday" na nufin kada Alhamis ta wuce ba a biya ba, "until Thursday" kuwa abu ne mai ci gaba har zuwa ranar. Masu tunani da Larabci kan sa na biyun a wurin na farko.

Akwai kuma waɗanda Hausa ke sakawa a bakinmu. Bahaushe zai miƙe zai fita ya ce ina zuwa, ɗan Najeriya ya mayar da ita "I'm coming". Ka faɗa wa ɗan Malesiya haka a zauren otal ka juya ka tafi, zai bi ka da ido yana mamaki. "I'll be back in ten minutes" ake cewa. "Next tomorrow" da na ambata, shigarta ƙamus bai sa mutumin Lahor ya san jibi ake nufi ba. Rubuta kwanan watan. Kuma da yake ara ɗaya gare mu, na ari abu, na ara masa abu, sai ka ji ana "borrow me". Mai bayarwa "lend" yake yi.

Ka kula da kaifin magana. Kalmar lazim, wato dole, a bakin mutumin Makka ba ta da zafi, amma "you must pay today" a idon wakilin Ingila kamar tsawa ce. "Please pay by today so we can hold the rooms" ta faɗi abu ɗaya, ta kuma ba da dalili. In sha Allahu kuwa ka ci gaba da rubuta abarka, baƙinka Musulmi ne, amma ka haɗa ta da lambar kama ɗaki da lokaci, kada ta tsaya ita kaɗai a matsayin amsa.

Aikinka na da wani sauƙi da ba kowa ke da shi ba: saƙonninka maimaituwa suke yi. Tabbatar da ɗaki, neman biya, sauya rana, lokacin mota, ba da haƙuri. Ka zauna rana ɗaya ka rubuta kowanne da gajerun jimloli, ka tace su sosai, ka adana, kullum sai dai ka sauya suna da lamba. Manhajojin gyaran rubutu irin su Grammarly, da masu fassara, suna taimakawa wajen wannan tacewar, amma kada ka zuba musu sunayen baƙi da lambobin fasfo, amana ce a hannunka. Kuma ka karanta abin da suka ba ka kafin ka aika, don ba su san wane dare ne daren Juma'a a zuciyarka ba.

Saura mutumin. Da ƙaninta ne da abin ya zo da sauƙi, ka mayar masa da wasa a wuce wurin. Wa ne, akwai nauyi, kuma gobe yana cikin masu faɗa a ji a gidan da za ka shiga. Duk abin da na rubuta a sama game da "centre" da "revert", don kanka na rubuta, ba don ka ɗauka ka je ka kayar da shi a gaban mudir ba. In ka yi haka za ka ci gardama, ka kuma sayi gaba da za ta bi ka har ranar suna. Kada ka kai ƙara wurin yarinyar. Za ka sa ta tsakanin wanta da mai nemanta a kan abin da ba ta da hannu, kuma maganar za ta isa kunnen uwarsu a wata siffa dabam. Mudir ma ba yanzu ba.

Ka same shi shi kaɗai, ba a ofis ba. Bayan isha'i, a wurin shan shayi, ko a hanyar komawa gida. Ka ce masa: Yaya, na san ka fi ni Turanci nesa, kuma ina ƙaruwa da gyaranka. Alfarma nake nema, in ka ga kuskure ka turo mini ta waya ko ka kira ni gefe, domin in aka yi a gaban mutane kaina kullewa yake yi, ba na riƙe komai. Sannan ka nuna masa waɗancan saƙonnin da ka tsara, ka ce ya duba maka su kafin ka fara amfani da su. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma ka nuna masa ka san haka. Yawancin masu gyara a bainar jama'a so suke a san sun sani. Mutumin da aka tura Kano ya sha wahalar digiri, ya dawo ya zauna a teburi ɗaya da wanda bai yi ba, ba mamaki Turancin ne kaɗai abin da yake jin ya rage masa na fifiko. In ka ba shi kujerar malami da hannunka, buƙatar karɓarta da ƙarfi za ta ragu. Inda ya sa maka "kindly revert" a saƙon wakilan Najeriya, bar masa, ba ta cutar da kowa a can. A na Ingila ka sa "please reply", in ya tambaya ka ce wakilin ne ya fi gane haka.

In ka yi wannan ya ci gaba, musamman in shi ne ke rura wutar haushin karen, to ba Turanci ne ke damunsa ba, wani abu ne game da auren ko game da kai. Wannan ba a ofis ake warware shi ba. Ka faɗa wa wanda ya jagoranci kai gaisuwarku, kawunka ne ko wani dattijon unguwa, ya ji ta bakinsa cikin hikima kafin a sa rana.